Dutsen Tawadar Tsohon Marubuci

Kai, ku tsaya ku ji wannan, yau ɗin nan Malama ta ba mu shi! Ashe can ƙasar Sin tawadarsu ta gargajiya ba ruwa-ruwa take zuwa ba. Sandararriya ce kamar guntun alli baƙi, da kunkunniya da danƙo ake haɗa ta. Sai an ɗiga ruwa a kan wani ɗan dutse mai sulɓi, a yi ta goga ta a kai kafin ta fito.

To wai wani tsohon marubuci ne ya rasu a ƙauyensu na bakin kogi, ɗansa ya zo daga birni. A gidan nan kuwa tun kakanni, ɗa ne ke rubuta sunan uba da hannunsa, mai sassaƙa ya bi rubutun ya zana a jikin dutsen kabari. In ya fito a karkace, haka zai zauna har abada. Ga mai sassaƙa yana jira a ƙofa, ga jirgin ruwan komawa birni ya kusa tashi. Ɗan marigayin ya janyo dutsen tawadar babansa, wanda tsakiyarsa ta lotsa kamar cokali saboda daɗewa ana guga, ya kwarara masa ruwa, ya danna tawada da ƙarfi, ƙurus-ƙurus-ƙurus. Abu ya fito tsararo, fari-fari, ga tsaki-tsaki. Yana ɗora alƙalamin gashi a takarda, sunan ya narke ya bazu kamar an zubar da kunu. Ya miƙe zai aika kasuwa a sayo tawadar kwalba.

Babarsa tsohuwa ba ta yi masa faɗa ba fa. Ta ɗauki dutsen ta wanke, ta ɗiga ruwa da kan yatsa, ta ce, "Zauna, ɗan nan. Babanka bai taɓa niƙa ta a tsaye ba." Ya zauna. Ya shiga juyawa a hankali, a hankali. Can sai ƙamshin ya taso, ƙamshin nan na hayaƙin itace da ke jikin rigar babansa, lokacin da yake yaro yana gyangyaɗi a gefen teburin, tsohon yana guga yana ɗan waƙa ta hanci. Jirgi ya yi ƙugi, ya tafi abinsa, ko kai bai ɗaga ba. Tawada ta yi kauri, ta yi baƙi wuluk tana sheƙi, numfashinsa ya kwanta. Ya ja alƙalami sau ɗaya, suna ya tsaya cak. Tsohuwa ta duba, ta rufe baki da hannun riga, don sak rubutun mijinta ta gani.

Shi ya sa Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.