Tebur na Arba'in da Ɗaya

"Minti uku kacal," in ji ƙwararren da aka ɗauko daga Legas. "Manhajata za ta karanta tsohon rumbun bayananku, kowane tebur, wato jerin bayanai, ta rubuta masa lambobin kwamfuta da kanta. Ba ma buƙatar wanda ya gina shi."

Wanda ya gina shin yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa cikin aljihu. Shekara goma sha biyu yana ɗawainiya da rumbun nan a masana'antar robobi ta Sharada, yau ko kujera ba a ba shi ba. Ya taɓe baki. Ga mai kwat yana zufa a zafin Kano, ga manaja, da ko kunna kwamfuta bai iya ba, sai gyaɗa kai yake. Manajan ne ya rantse wa Hajiya mai kamfanin cewa inji bai taɓa raunata kowa ba.

Sunayen teburorin suka fara zubowa a allon kwamfuta: Ma'aikata, Injuna, Kaya. Tebur arba'in manaja ya sani. Na arba'in da ɗaya ya fito: Yatsu.

Hajiya ta karanta kanun teburin a hankali. "Suna. Lambar inji. Yatsu nawa. Ranar kora."

"Kuskure ne, Hajiya," in ji manaja.

Ƙwararren ya harzuƙa. "Manhajata ba ta kuskure!"

Sai yanzu ya faɗi maganar kirki.

Maginin ya zaro hannunsa, ya ɗora a gabanta.

"Da yatsu biyun da suka rage mini na rubuta shi, Hajiya. In buɗe muku?"