Gidan da Ya Zama Ɗan Jagora

Kai da kake shirin aza harsashi, kana ta tambayar wane irin gida ake yayi bana, gyara zama ka ji abin da ya faru da wani mai zanen gidaje da mahaifiyarsa.

Shi ne autanta. Gidajen mutane ya zana su ba iyaka, amma da aka zo kan nasa sai alƙalami ya yi masa nauyi, saboda tsohuwar da suke kira Inna. Ganinta ya tafi sarai, sai dai a tsohon gidansu na ƙasa da ke cikin gari ba ka taɓa cewa makauniya ce. Ta san kowane bango da tafin hannunta. Ta je madafa, ta je gindin randa, baƙo ya yi sallama ta kai masa ruwa da kanta. To, damina ta ci gidan, katangar gabas ta zauna, tashi ya zama dole. Aka kai ta gidan babban ɗanta, gida na alfarma, ƙasa tayil kamar madubi, bango sumul ko'ina iri ɗaya. Ranar farko santsi ya kwashe ta. Daga nan ko banɗaki za ta sai an riƙe mata hannu. Mace mai ji da kanta irin Inna! Ta shige ɗaki ta daina fitowa, har ruwa ta rage sha don kada ta nemi rakiya. Ranar da ya je gaishe ta ta ce, "Auta, ni da na goya ku, yau ni ake yi wa ɗan jagora?" Maganar ta soke shi. Ya tabbata in ya gina mata irin wancan gida, ya binne ta tun da ranta.

Sai ya koma kangon nan, ya ɗaure idonsa da ƙyalle, ya bi gidan da lalube. Ya sha karo, goshinsa har da ƙulu. Amma ya gano yadda Inna take gani: nan shafe ya ɓare, alamar an kusa madafa, can bango ya yi ciki, ƙofar ɗakinta ke nan. Da wannan ya zauna ya yi zanensa, a filin da ya saya a wata sabuwar unguwa bayan gari. Gida ɗaya a ƙasa, ba bene, ba matakala, ba dokin ƙofa ko guda. Rufi shimfiɗaɗɗe na kankare, tsakar gida a buɗe sama na kallonta. Bangon ma kankare zalla, ya hana a yi filasta, ya hana fenti. Katakon da ake zuba kankaren a ciki shi ya tsaya aka jera, domin in an ɓare ya bar shaidarsa: layi a kwance daidai ƙugu yana nufin ci gaba da tafiya, inda layin ya miƙe tsaye akwai ƙofa. Daɓen ya sa aka bar shi da kaushi, ya dasa lemun tsami a bakin madafa don hanci ma ya yi nasa aikin.

Wayyo, bakin mutane! Unguwa ce ta rufin kwano mai tsini da ginshiƙai da fenti ruwan madara, sai ga wani toka-tokan abu ya tsuguna a tsakiyarsu kamar dutse. Maƙwabcinsa na dama, mai gida mafi tsawo a layin, in ya wuto sai ya sauke gilashin mota ya ce, "Injiniya, sito ne ko tankin ruwa?" Matar shi Autan ma cewa ta yi da wane ido za ta gayyato ƙawayenta. Auta yana jin zafin maganganun nan. Amma abin da ke hana shi sukuni ɗaya ne: kada a gama wahala Inna ta shiga ta sake shigewa ɗaki.

Ranar walima ya sauko da ita daga mota, ya ɗora tafinta a bangon zaure, ya saki hannunta. Bai taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba. Ta tsaya jim. Yatsunta suka sami layin, suka bi shi, ƙafa ta bi yatsu, ta shige ciki ba ta waiwayi kowa ba. Maza na zaune a zaure ana hira, can sai ga ta ta tallabo ƙwaryar fura a kafaɗa, ɗaya hannun na shafar bango, tana tafe kamar wadda aka haifa a gidan. Maƙwabcin nan ya zabura zai riƙe ta. Ta ce, "Zauna abinka, ɗan nan. A gidan nan ni ce mai nuna hanya." Ta dire ƙwaryar a gabansa, ko ɗigo bai zuba ba. Auta ya ji kansa ya yi girma har hula na neman yi masa kaɗan, ga hawaye, ga dariya, bai ɓoye ko ɗaya ba. Da za a watse an ga maƙwabcin ya tsaya a bakin ƙofa, ya rufe ido, yana shafa bangon da ya kira sito.

Saboda haka in za ka yi gini, bar leƙen katangar maƙwabta, dubi waɗanda za su kwana a ciki. Masu iya magana sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.