Ƙafar Malam Mahamman

"Ba nan ba, ƙasa kaɗan," in ji Malam Mahamman.

Latifa ta lakato man kaɗanya, ta koma kan sharaɓar mahaifinta. Ganin gida kawai ta zo yi Parakou, washegari ciwon ya kama shi. Tun daga nan take tausa, har yatsunta sun sage. Ciwon kuma ba ya zama wuri ɗaya: yau cinya, gobe sharaɓa, jibi ya tsallaka ɗaya ƙafar. Lokotoron asibiti ya duba, bai ga komai ba.

Wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne Abdulbaƙi daga Djougou, muryarsa har tsohon yana ji.

"In ba ki dawo ba, Juma'a zan zo in ɗauke ki!"

Ta ci gaba da murza.

Da la'asar ta dawo daga kasuwa da wuri, sai ga tsohon a tsakar gida yana bin akuya da gudu kamar saurayi.

"Baba! Ashe ƙalau kake, ka bar ni hannuna ya mutu?"

Ya tsaya yana haki.

"Ranar da kika iso mayafinki ya zame, na ga shatin bulala a kafaɗarki. Ba ki faɗa ba, ni ma na kasa tambaya. Mai jinyar uba kuwa, ba wanda zai ce ta yi yaji."

Ya zauna, ya miƙe ƙafafu.

"Bari ya zo. Ranar Juma'a duka biyun za su kama ciwo."