Makanike da Ruwan Teku

Bari ka ji wani misali. An yi wani makanike da ya tashi a bakin kogin Kwara. Allah Ya ba shi basirar ƙera injin farfela wanda ake nutsawa a kogi, ruwa ya juya shi, ya ba da wutar lantarki. Sai mutanen wani ƙauyen masunta a bakin teku suka aiko masa, domin ƙaramin asibitinsu ba wuta, allurar rigakafin yara tana lalacewa don zafi. Ya je ya zaɓi mashigar da ruwa ya fi gudu, ya kafa injin da siminti da ƙarfe, fuskarsa tana kallon inda ruwa ke fitowa, kamar yadda ya saba a gida. Da hantsi wuta ta kama, mata suka rangaɗa guɗa. Kafin la'asar ruwan ya tsaya cak, sannan ya juyo da baya, don shi teku shiga yake yi ya fita, ba kamar kogi ba da ya san hanya ɗaya. Ya daki injin ta ƙeya, ya karya farfelar. Makanike ya ce ƙarfen ne bai yi kauri ba. Ya ninka shi, ruwa ya sake karyawa. Ya ƙara ninkawa, wannan karon har gindin simintin ruwa ya tumɓuke. A makon nan aka zubar da alluran da aka kawo bisa alkawarin da ya yi cewa wuta za ta samu, yana tsaye yana kallon iyaye mata suna komawa gida da goyonsu.

Kwana uku bai taɓa guduma ba, yana zaune a gaɓa, kunya ta hana shi shiga gari. A nan ya lura da kwalekwalen wani tsohon masunci, ɗaure da igiya ɗaya tak. Ruwa ya shigo, kwalekwalen ya juya ya fuskance shi. Ruwa ya fita, ya sake juyawa. Makanike ya tambayi tsohon ko igiyar ba ta tsinkewa. Tsoho ya ce, “Ɗana, mu nan ba ma kokawa da ruwa. Inda ya juya, can muke juyawa.”

Makanike ya tashi ya sake ƙira. Ya rage kaurin ƙarfen, ya ɗora injin a kan sandar da zai riƙa kewayawa, ya yi masa wutsiya irin ta kifi. Daga ranar, ko ta ina ruwa ya zo, injin yakan waiwaya ya tarbe shi, asibiti kuwa ya samu wutarsa. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.