Rakoda ta Uku

Sha'ibu Mai Sono, mai sa kiɗa a gidajen biki, ya jera rakodojinsa uku a kan tabarma, ya haɗa wayoyinsu da batirin mota, ya rataye lasifika ɗaya a jikin rumbu, ɗaya a bakin zaure. A Damagaram duk mai sa kaset a gidan biki da rakoda biyu yake aiki, wannan waƙa na ƙarewa waccan na shigowa. Shi kaɗai ke da ta uku. Abokan sana'a sun sha yi masa tsiya, wai ya manta hannu biyu Allah ya ba shi.

Bana ba mai ƙarfin yi wa wani tsiya. Damina biyu ke nan ba a ga tsaba ba, kuma wannan biki na ƙauye, can bayan Tirmini, shi ne aikinsa na farko tun sallah.

Amarya Zuliha ce ta je har shagonsa ta ɗauko shi. An ɗaura aurenta a birni, ango yana can yana jira. Matsalar kakarta ce, Kellu, tsohuwar da ta raine ta, wadda idanunta suka mutu tuni. Rijiyar garin ta ƙafe, amma Kellu ta rantse ba za ta bar gidan nan ba sai an yi wa jikarta biki a ciki, irin wanda aka yi wa uwarta. Kamiyon ƙarshe, babbar motar da za ta kai su birni, zai tashi da la'asar. In ba ta hau ba, nan za ta mutu, Zuliha kuma ba za ta tafi ta bar ta ba.

Sha'ibu bai ji tausayi ba, bai ji komai ba. Ya dai duba batir, ya ga ba zai kai magariba ba.

Bayan azahar ya fara. Ya saki kalangu a ta farko, ya shigo da algaita a ta biyu a hankali har suka hau kan juna, sannan ya kai ɗan yatsa kan ta uku ya murɗa kaɗan. Nan da nan gida ya ɗauka. Guɗa ta tashi daga wajen rumbu, tafi ya biyo baya, yara na ihu ta zaure, wata mata na kiran a kawo tabarmi.

Kellu na zaune a ƙofar ɗakinta, ta karkata kai. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Zuliha, ban ji ƙamshin tuwo ba."

"Shekarar ce, Kaka. Kowa ya ci a gidansa."

"Ba wanda ya zo gaishe ni."

"Kin san mata in rawa ta yi daɗi. A bakin mota za su gaishe ki."

Sha'ibu bai ɗaga kai ba. Aikin rakoda uku ba ya barin mutum ya kalli kowa. Kaset ɗin da ya ƙare, da biro yake mayar da shi baya, don kada ya ci batir. Hannun dama na canza waƙa, na hagu bai bar ta uku ba ko sau ɗaya. Wani jariri ya tsala kuka, aka lallashe shi. Can an jima ya sake tsala irinsa sak, Sha'ibu ya yi maza ya ɗaga kalangu ya danne shi.

Direba ya yi oda daga waje. Inuwar rumbu ta kai tsakiyar gida, tsohuwa kuwa ko motsi.

Sai algaita ta fara jan ƙafa kamar mai barci. Batir ne. Sha'ibu ya kashe ta biyu ba tare da wani tunani ba, ya rage ta farko har kalangun ya koma can ƙasa. A wannan ɗan sararin ne wata dariya ta fito daga zaure, dariyar namiji, mai kauri, da ɗan tari a ƙarshenta.

Kellu ta miƙe zaune.

"Inusa ne wannan. Ɗana ya dawo?"

Inusa, baban Zuliha, shi ya kora shanun gidan zuwa kudu bara, neman ciyawa, bai kuma dawo ba. Zuliha ta tsaya cak da ƙullin kaya a hannu. Ta dubi Sha'ibu, shi kuma yana duban rakodarsa.

"Ya dawo, Kaka," ta ce. "Yana cikin maza. Ya ce ki yi gaba, zai same mu a birni."

Tsohuwa ta lalubi sandarta ta tashi. Zuliha ta kama hannunta suka ratsa tsakar gida, ba su yi karo da kowa ba. Kellu na tafe tana ɗaga hannu dama da hagu, tana cewa sannunku, Allah ya bar zumunci. Guɗa ta raka su har zaure.

Sha'ibu ya kashe ta farko ma, ya bar ragowar wutar ga ta uku. Ya ji an ɗaga tsohuwa an sa a gaban mota, ya ji kamiyo ya tashi, ya jira har ƙararsa ta ɓace.

Sannan ya danna maɓalli, guɗa da yara da dariyar marigayi Inusa suka ɗauke lokaci guda, ya zare kaset ɗin da ya naɗa a wannan tsakar gida a wani biki a damina ta ƙarshe da aka samu amfani, ya hau naɗe wayoyinsa shi kaɗai, a garin da tun watan jiya ba kowa a cikinsa sai tsohuwa da jikarta.