Asibitin da ke Ƙetaren Rafi

Kai da kake cewa rahoto ya ishe ka sanin halin mutanenka, bari in ba ka misalin wata 'yar majalisar jiha. Shekararta ta farko ke nan a kan kujera, sai majalisa ta tafi dogon hutu a tsakiyar damina. Abokan aikinta wasu suka tafi Umra, wasu suka shige gidajensu na birni suka kashe waya. Ita kuwa ta ɗaura niyyar sai ta taka kowace gunduma ta mazaɓarta kafin hutun ya ƙare. Gundumomi goma sha ɗaya ne. Ta zaga goma cikin mako uku, tana zama da dagatai a zaure, tana shiga cikin gida wajen mata. Saura ɗaya, wadda babban ƙauyenta ake ce masa Kwarin Ɗinya. Jami'an ƙaramar hukuma suka tarbe ta a sakatariya da lemo da soyayyar kaza, suka baje mata takardu. Ga hoton asibitin da aka gina wa ƙauyen bara, kwanon rufi sabo fil, ga sunan ma'aikaciyar jinyar da aka tura, ga jerin magunguna. Shugaban sashen lafiya ya ce, "Ranki ya daɗe, can ba su da matsala. Hanya ce dai ba kyau yanzu. Ki bari sai kaka, mu raka ki da kanmu." Ta ce da kaka tana zauren majalisa, don haka gobe za ta je, wanda zai iya ya biyo ta.

Mutum biyu ne suka biyo ta. Mota ta kafe a laka tun da hantsi, suka hau babur. Babur ya kai su inda zai iya, suka sauka suka taka da ƙafa. Wajen azahar suka isa asibitin, kuma yana nan yadda aka faɗa, ba wanda ya yi mata ƙarya. Ma'aikaciyar jinya na zaune a bakin ƙofa, gadaje shida a gyare, ba majinyaci ko ɗaya. Da ta tambaya ina mutanen gari, sai aka nuna mata da hannu. Ga gidajensu can ana hangowa, amma tsakaninsu da asibiti rafi ne ya cika ya batse, jan ruwa yana gudu da rassan itace. Ashe da rani aka zo aka auna filin, lokacin da rafin yashi ne zalla, har amalanke ke bi ta ciki. Da rani aka yi ginin, da rani aka buɗe shi. Ba jami'in da ya taɓa leƙowa da damina. Masu rakiyarta suka ce ai ta gani, a juya kafin hadari ya haɗo. Ta cire takalmanta, ta tamke zaninta, ta kama igiyar da mutanen gari suka ɗaure daga wannan bishiya zuwa waccan, ta shiga. Ruwa har ƙirji, sau biyu yana neman ɗauke mata ƙafa, ba ta saki igiyar ba.

A ƙetare ta tarar da tsohuwar ungozomar garin a tsaye tana kallonta. Tsohuwar ta ce, "'Yata, tunda kin shiga ruwan nan ba sai na yi miki dogon bayani ba. Ke da lafiyarki ke nan. To mai naƙuda fa? Daminar nan mata uku muka kawo bakin rafin nan a kan ƙyaure, muna kallon asibiti, asibiti na kallonmu. Ɗaya ce ta rayu." Hawaye suka zubo wa 'yar majalisar. Can ta ce, "Inna, a kai ni gidajen biyun in yi ta'aziyya." Ta je ta durƙusa ta yi gaisuwa, ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Bayan kwana uku ta dawo da shugaban ƙaramar hukuma da injiniya da shugaban sashen lafiyar nan. A bakin rafi ta faɗa musu cewa taron yau a zauren dagaci za a yi, ga zauren can a ƙetare. Suka dubi juna, suka dubi ruwa. Ta riga su kama igiyar, dole suka naɗe wanduna suka bi bayanta. A zaman nan aka yanke cewa ma'aikaciyar jinya ta koma wani ɗaki a gidan dagaci da akwatin magungunanta har ruwa ya janye. Da majalisa ta dawo aiki ta kawo maganar gada, aka ce mata an riga an rufe kasafi. Ta sake kawowa, aka ce ƙauye ɗaya ne, ga manyan hanyoyi suna jira. Ba ta fasa ba. Duk zaman da aka ba ta dama sai ta tashi da maganar, har abokan aikinta suka riƙa tsokanarta da Hajiya Gada, ita kuma tana amsawa. A shekara ta biyu aka sa hannu.

Ba wata babbar gada ba ce, mota ɗaya ce ke wucewa, ita ma da lallaɓawa. Amma a damina ta uku, ranar da aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauko wata mai naƙuda da haihuwa ta zo mata da gardama, aka bi da ita ta kan gadar rafi na ruri a ƙasa. Kafin la'asar ta sauka lafiya, uwa da ɗa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zuwa da kai ya fi aike.