Wasiƙar Cikin Rijiya

Kwana arba'in suna dukan Behrang a kurkukun Tehran, amsarsa ɗaya ce: shi labarin ƙwallo yake rubutawa, bai san wani Alhudahuda mai caccakar gwamnati a intanet ba. In ya amsa cewa shi ne, igiyar rataya ce. Kuma ba su da hujja, don ko matarsa bai gaya wa ba.

Ran nan jami'in da ke bincikensa ya shigo da shayi, ya kwance masa ƙyallen ido.

"Sha, malam marubuci, yau ba duka. Ashe tsohuwarka ta fi ka alƙalami."

Ya ajiye masa wata takarda mai danshi, irin wasiƙun roƙon da ake jefawa a rijiyar masallacin bayan gari don ɓoyayyen Imamin da ake jiran bayyanarsa ya karanta. Behrang ya gane rubutun mahaifiyarsa.

"Ya Imami, ka tsare mini Behrang. Shi ne Alhudahuda, na gane maganar ɗana. Ban gaya wa kowa ba sai kai."

Mai binciken ya kurɓi shayinsa. "Duk Laraba muke kwashe rijiyar. Baiwar Allah, har lambar gida ta sa, kada Imami ya ɓata hanya."